Dara a Gidan Dattawa

Ranar da Sadisu ya sauke ni a Rayfield
da akwatin ƙarfe da rediyo mai tari,
na ce masa, je ka, Allah ya yi albarka,
amma ban dube shi ba.
Kwana goma sha tara ban taka baranda ba.
Sanyin Jos ya tarar da tsoho a kwance,
ya shiga gwiwa ya yi shimfiɗa.

Ta taga nake hango su da hantsi,
an jera su kamar 'yan firamare,
Nanret mai awon jini tana gaba tana ƙirga:
ɗaga hannu, sauke, juya wuya.
Na ce, ni da na ja jirgin ƙasa
daga Kafancan zuwa Bukuru shekara talatin,
yarinya ce za ta koya mini miƙa?

Ran nan aka buga ƙofa da kan sanda.
Wani dogo ne, haƙori uku a baki,
Da Gyang, tsohon mahaƙin kuza.
Bai gaishe ni ba. Ya ce,
abokin darata ya rasu ran Talata,
ramuka talatin suna can suna jira,
in ka iya ka fito,
in ba ka iya ba ka fito a cinye ka.

Haushi ne ya fitar da ni, ba lafiya ba.

Gindin fiya muka zauna,
shi da tsakuwa, ni da 'ya'yan tsamiya.
Ya cinye ni sau huɗu kafin azahar.
Da dare na kasa barci,
ba don tunanin gida ba wannan karon,
ina ta jera layi uku a rufin ɗaki.

Daga dara sai lambu.
Ngo Kangyang ta ɗora mini kunyar karas,
ta ce hannun da ya riƙe birki zai riƙe fartanya.
Hajiya Dudu na saƙa huluna da zaren ulu,
ta yi mini ja, ta yi mini yawa,
na sa ta haka nan har kunne.
Ran Asabar ana dafa gwate da yakuwa,
kowa da cokalinsa da ƙorafinsa:
an hana mu gishiri, an hana mu sukari,
gardama kaɗai aka bar mana, muna sha da zafinta.

Akwai yammacin da aka kunna tsohon faifai.
Mama Uzoma ta jingine sandarta ta miƙe,
taku biyu, juyi ɗaya, sai haki,
muka yi ta tafi kamar ta zagaye gari.
Ni ma ƙafata ta motsa a ƙarƙashin kujera.
Na tsawata mata. Ba ta ji ba.

Yanzu ina layin Nanret, na biyu daga hagu.
Hannun dama yana kaiwa sama,
na hagu yana tsayawa a hanya
kamar jirgin kaya a tashar Kuru.
Ta ce jinina ya sauka.
Na ce ba maganinki ba ne, Gyang ne:
ba zan mutu da bashin ci goma sha ɗaya ba.

Idan ya tafi coci ran Lahadi ina gadin ramuka
kada kaji su tone.
Idan na tafi Juma'a yana yi mini haka,
ko da yake ina zargin yana taɓa 'ya'yana.

Jiya Sadisu ya zo da lemo da kunya a fuska.
Ya ce, Baba, ko in mai da kai gida?
Na dube shi, wannan karon na dube shi.
Na ce, zauna tukuna, ka yi shiru,
saura tsakuwa ɗaya in kama mutumin nan.